Ki riƙa ɗaukar hoton ɗinkin kullum bayan aikin rage tumbi

'Yan uwa, duk wadda aka yi wa aikin rage tumbi, wato tiyatar da ake yanke rarar fata da kitsen ciki a ɗinke, don Allah ki riƙa ɗaukar hoton ɗinkin kullum da safe, wuri ɗaya, haske ɗaya. In kin ga gefen ya yi ja ko ya kumbura, ki zagaye wurin da biro, ban da kan ciwon.

Ido yana sabawa ne, abin da kike kallo kullum ba kya gane yana ƙaruwa. Yayata da aka yi mata mun ɗauka komai lafiya lau, sai da muka jera hoton Litinin da na Alhamis muka ga kumburin ya tsallake layin biron, muka tura wa likitanta, a ranar ya ce a kawo ta, aka fara magani da wuri.

Ki fi sa ido a tsakiyar ɗinkin, ƙasan cibiya. Nan fata ta fi jawuwa, nan jini ya fi ƙarancin zuwa, shi ya sa nan ya fi buɗewa, musamman mai ciwon suga ko mai shan sigari da shisha, don nikotin yana matse jijiyoyin jini.

Amma fa a fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai a hoto, sai ki lura da zafin wurin da sheƙi. Kuma kar ki cire bandeji don hoto in likita bai ce ba.

Zazzaɓi, mugunya mai wari, fata ta yi baƙi, ko ɗinki ya buɗe, wannan ba na hoto ba ne, asibiti kai tsaye.