Yadda ake tafiyar da aikin manhaja tsakanin Jidda da Kano

Mu biyar muke gina manhajar wani kanti, uku a nan Jidda, biyu a Kano. Abin da ya fara ba mu wahala kalanda ce. A Saudiyya, tun 2013, hutun mako Juma'a da Asabar ne, a Najeriya kuwa Asabar da Lahadi. Ke nan kwana huɗu kacal muke haɗuwa a bakin aiki, Litinin zuwa Alhamis, ga kuma agogon Jidda yana gaba da na Kano da awa 2.

Don haka ku fara da tsara zango, wato wa'adin da ake ɗiba don kammala wasu ayyuka, a kan waɗannan kwanaki huɗu. Ku ɗauki mako 2, ku buɗe shi ran Litinin, ku rufe ran Alhamis ta mako na biyu. Taron kullum na minti 15 ku sa shi ƙarfe 11 na safe agogon Jidda, wato 9 a Kano: na can sun samu sun zauna, na nan kuma ba a kira azahar ba. Lahadi da Juma'a a bar su ga aikin da mutum zai yi shi kaɗai.

Sai allo, wato manhajar da ake jera ayyuka a kanta kowa ya ga inda aka kwana. Trello ya ishi ƙaramar tawaga, Jira ya fi dacewa in aikin ya yi rassa, wanda kuma kod ɗinsa (rubutun da ake gina manhaja da shi) ke ajiye a shafin GitHub yana da GitHub Projects a hannu. Ni dai ban damu da wanne kuka zaɓa ba, in dai guda ɗaya ne. Kowane aiki ya samu katinsa, da sunan mai shi, da abin da za a gani a ce an gama. Maganar da aka yanke a WhatsApp, wanda ya yanke ta ya kwashe ta zuwa kati nan take. Mun taɓa asarar kwana 3 saboda wani sauyi da aka faɗa a saƙon murya daren Alhamis. Abokin aikinmu na Kano ya wuni Juma'a yana gini a kan tsohon tsari, mu kuma muna hutu.

Kalmar "na gama" ita ce inda ake yawan samun saɓani, to ku rubuta ma'anarta. A wurinmu tana nufin an rubuta gwaji, gwajin ya wuce, kuma wani daga ɗaya garin ya karanta kod ɗin kafin a haɗe shi da sauran kod ɗin manhajar. Ku saita GitHub Actions ya riƙa gudanar da gwaje-gwajen duk lokacin da aka tura sabon kod, domin na'ura ba ta san Juma'a ko Lahadi ba. In gwaji ya faɗi, gyaransa ke gaba da komai.

Abin da za a gwada ma sai an duba inda manhajar za ta yi aiki. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, saboda haka a buɗe kowane shafi da Larabci a ga ko maɓallai sun juya daidai. A shigar da sunaye masu ɓ, ɗ, ƙ, a tabbata ba su koma alamar tambaya a rasit ba. A gwada kwanan wata na Hijira bisa kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya tare da na Miladiyya, da lambobin waya masu +966 da +234, da harajin Saudiyya na kashi 15 cikin 100 har zuwa halala ta ƙarshe, wato kwabon riyal. A ajiye lokaci da UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, a nuna wa kowa da agogon garinsa. Gwajin intanet mai rauni kuwa mutanen Kano muke ba wa, a ƙaramar waya, domin abin da ke buɗewa nan take a Jidda yakan tsaya cak a can.

In azumi ya gabato ku rage kayan zango tun kafin a ga wata. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta mayar da aikin Musulmi awa 6 a rana a Ramadan, don haka katunan da kuka saba ɗauka ba za su shiga ba. Mu kan cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mu kuma bar goman ƙarshe ba tare da sakin sabon fasali ba.