Wa'adin Hayarka Ya Kusa Cika? Ga Yadda Za Ka Kare Haƙƙinka

Ranar da aka rubuta a takardar haya cewa zamanka ya ƙare, ranar ba ta ba mai gida ikon watso maka kaya waje. Na fara da wannan ne domin shi ne abin da 'yan haya da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsa ke sa mutum ya kwashi iyalinsa a gigice ya faɗa gidan da bai dace da shi ba. Na daɗe ina zaman haya, kuma 'yan'uwa da abokai sukan kawo mini takardunsu mu karanta tare idan wa'adi ya matso. Abin da na lura da shi shi ne, wanda ya fara shiri da wuri kuma ya ajiye shaida a rubuce, da wuya a ci zalinsa.

Haya mai wa'adi ita ce wadda aka yanka mata ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar shekara ɗaya ko biyu. Ta bambanta da hayar wata-wata ko shekara-shekara, wadda take ci gaba da kanta har sai ɗaya daga cikinku ya ba ɗaya notis. Wannan bambancin yana da nauyi, saboda a wasu ƙasashe haya mai wa'adi tana mutuwa da kanta ranar da wa'adin ya cika, a wasu kuwa doka ce ke sabunta ta ko da ba wanda ya ce uffan.

Saura wata uku, ɗauko takardar

Kada ka dogara da abin da kake tunawa. Ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu, ka zauna ka karanta ta daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke shafin baya. Ka fara tabbatar da ainihin ranar ƙarewa, domin sau da yawa ranar da aka sa hannu daban take da ranar da hayar ta fara aiki. Sai ka nemi sakin layin da ya yi maganar sabuntawa. Nan ne tarkon yake. Wata ƙanwata ta taɓa kawo mini takardarta tana murna ta sami sabon gida, har ta ba da kafin alƙalami. Muna karantawa sai ga wani layi a shafi na uku yana cewa idan ɗan haya bai sanar a rubuce ba wata biyu kafin cikar wa'adi, hayar ta sabunta kanta na wata shekarar. A lokacin saura mata 'yan kwanaki ƙofar ta rufe. A daren ta rubuta wasiƙa, da safe ta kai, ta sa aka sa mata hannu a kwafinta. Da ta bari makon ya wuce, da ta ɗauki nauyin hayar gida biyu.

Ka kuma duba abin da takardar ta ce game da ƙarin kuɗin haya, da kuɗin ajiyar da ka bayar saboda ɓarna, da yanayin da aka ce ka mayar da gidan a ciki. Amma ka riƙe wani abu: ba duk abin da aka rubuta a yarjejeniya ne kotu za ta amince da shi ba. Idan doka ta ba ɗan haya wata kariya, a galibin wurare layin da ya yi ƙoƙarin kwace ta ba ya aiki, ko da ka sa hannu. Layin da ke cewa mai gida zai iya fasa ƙofa ya fitar da kai ranar da wa'adi ya cika yana cikin irin waɗannan.

Dokar inda kake zaune ita ce alƙali

A nan ne nake so mai karatu ya natsu, domin shawarar da ta yi wa wani aiki a wata ƙasa tana iya jefa ka cikin matsala a taka.

A Faransa, dokar 6 ga Yuli 1989 ta ce hayar gidan da ba kayan ɗaki a ciki, idan mai gidan mutum ne ba kamfani ba, mafi ƙarancinta shekara 3 ce. Idan mai gida yana son gidansa, sai ya sanar wata 6 kafin wa'adi, kuma sai da dalili: zai zauna a ciki shi ko iyalinsa na kusa, ko zai sayar, ko akwai wani dalili mai ƙarfi kamar ƙin biyan haya. In bai yi haka ba, hayar ta sabunta. Bugu da ƙari, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya da ƙarfi, saboda lokacin sanyi ne. A Jamus ma doka ta matse masu gidaje: ba a yarda a yanka wa hayar gidan zama wa'adi ba sai an rubuta dalilin da doka ta amince da shi tun ranar sa hannu, in ba haka ba ana ɗaukar hayar a matsayin marar wa'adi. A Afirka ta Kudu, dokar haya ta 1999 ta ce idan ɗan haya ya ci gaba da zama bayan wa'adi da yardar mai gida, hayar ta koma ta wata-wata bisa tsofaffin sharuɗɗa, kuma duk mai son kawo ƙarshenta sai ya ba da notis na aƙalla wata ɗaya a rubuce. A Ingila, ƙarƙashin dokar gidaje ta 1988, wanda bai tashi ba bayan wa'adi hayarsa takan ci gaba da kanta, sannan a 2025 majalisa ta zartar da sabuwar dokar da ta soke korar ɗan haya ba tare da dalili ba, ta kuma mayar da hayar gidajen zama da ba na gwamnati ba marar wa'adi.

A Nijeriya kowace jiha da dokarta. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fi tsanani ga mai haya mai wa'adi: da zarar wa'adin ya cika, mai gida ba ya buƙatar ba ka dogon notis ɗin nan na wata 6 da ake ba mai hayar shekara-shekara. Abin da ya wajaba a kansa shi ne takardar kwana 7 mai sanar da kai cewa zai je kotu neman gidansa. Na sha jin 'yan haya suna bugun ƙirji suna cewa "sai an ba ni wata shida," alhali takardar da ke hannunsu mai wa'adi ce. Amma ka lura, ko a nan ɗin ma ƙarshen maganar kotu ce.

Saboda haka ka nemi dokar ƙasarka ko jiharka da sunanta da shekararta, ka karanta sashen notis da sashen karɓar gida. Dokoki suna canzawa, don haka ka tabbata sabuwar ce a hannunka.

Idan kana son ci gaba da zama

Ka fara magana kafin a yi maka. Rubuta wa mai gida ko wakilinsa cewa kana son sabuntawa, ka tambayi sharuɗɗa. Ɗan haya mai biya a kan lokaci yana da ƙarfin ciniki fiye da yadda yake zato, domin gidan da ya zauna ba kowa asara ce ga mai shi, ga kuɗin gyara, ga ladan dillali, ga rashin sanin halin wanda zai shigo. Idan an zo maka da ƙari, tambayi yadda aka lissafa shi, ka duba ko dokar wurin ta ƙayyade yawan ƙarin ko tsawon sanarwar da za a ba ka kafin ya fara aiki. Wannan ne kuma lokacin da ya fi dacewa ka kawo maganar rufin da ke yoyo ko famfon da ya lalace, a rubuta ranar gyara cikin sabuwar takardar.

Kada ka sa hannu a sabuwar yarjejeniya a tsaye a bakin ƙofa. Karɓi kwafi, ka ajiye shi kusa da tsohuwar, ka bi su layi-layi. Ni a ganina wanda ya hana ka kwana ɗaya ka karanta takarda, akwai abin da ba ya so ka gani.

In kuma wa'adi ya wuce ba a yi sabuwar takarda ba, ka biya, mai gida ya karɓa, to a wurare da yawa wannan karɓar tana iya haifar da sabuwar haya. Shi ya sa rasit yake da muhimmanci, kuma a rubuta a jikinsa watannin da kuɗin ya ɗauka. Biya ta banki ya fi, domin shaidar ba ta ɓata.

Idan mai gida ne yake son ka tashi

Ka nemi ya rubuta. Maganar baki ko saƙon da aka aiko wani ya faɗa maka ba ta isa ba. Idan takardar ta zo, duba sunanka, adireshin gidan, ranar da aka rubuta, ranar da ta iso hannunka, da tsawon lokacin da aka ba ka. Rubuta ranar karɓa a bayan takardar nan take. Kotuna sukan yi watsi da ƙarar mai gida saboda notis ɗin da bai cika ƙa'ida ba, sai ya koma ya faro daga farko.

Abin da mai gida ba shi da ikon yi, kusan a duk inda akwai dokar haya, shi ne ya ɗauki doka a hannunsa: canza kwaɗon ƙofa, cire ƙofa ko rufi, yanke wuta da ruwa, turo ƙarti su tsorata iyalinka, ko riƙe kayanka. A Ingila dokar 1977 ta mayar da wannan laifin da ake hukuntawa. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu, a sashe na 26, ya ce ba a fitar da kowa daga gidansa sai da umarnin kotu. Dokar Legas ta 2011 ta tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai wata 6 ga mai gidan da ya yi irin wannan. Idan hakan ta same ka, kada ka mayar da martani da hannu. Ɗauki hoto da bidiyo, samu shaidu daga maƙwabta, kai rahoto ga 'yan sanda, ka nemi lauya ko ofishin taimakon shari'a kyauta. Umarnin tashi alƙali ne ke bayarwa, ma'aikatan kotu ne kuma ke zartar da shi.

Sai dai in gaya maka gaskiya, wannan kariyar lokaci take saya maka ka nemi wani wuri cikin mutunci. Ba ta mayar da gidan naka. Duk kwanan da ka ƙara bayan wa'adi, kotu tana iya sa ka biya kuɗinsa, wani lokaci har da kuɗin shari'a. Mai gida ma yana da haƙƙi, kuma wani da kuɗin hayar nan yake ciyar da gidansa. Don haka kada ka daina biya don fushi, ko da an ƙi yi maka gyara, sai lauya ya tabbatar maka dokar wurin ta yarda. Bashin haya shi ne abin da ya fi saurin karya hujjar ɗan haya a gaban alƙali. Idan sammaci ya zo, ka je. Wanda bai halarta ba akan yanke hukunci a bayan idonsa.

Ranar tashi da kuɗin ajiyarka

Ko da takardarka ba ta buƙaci sanarwa ba, ka rubuta cewa za ka tashi ranar kaza. Bayan an kwashe kaya an share gidan, ka zagaya da wayarka ɗaki-ɗaki da rana, lokacin da haske ya wadata. Ɗauki bango, ƙasa, silin, cikin banɗaki, ƙarƙashin wurin wanke-wanke inda ruwa kan ɓata katako, tagogi da ƙofofi. Kunna kowane famfo da kowace fitila a cikin bidiyon. Matsa kusa da mitar wuta da ta ruwa yadda lambobin za su fito sarai. Idan kana da hotunan ranar da ka shiga, to ka gama da rabin gardamar.

Ka roƙi mai gida ko wakilinsa ku zagaya tare, ku rubuta abin da kuka gani, ku sa hannu ku biyun. Dokar Afirka ta Kudu ma ta wajabta wannan zagayen cikin kwana 3 kafin cikar wa'adi, kuma idan mai gida ya ƙi yi, ana ɗauka ya yarda gidan lafiya lau yake.

Gardamar da aka fi yi ita ce tsakanin ɓarna da tsufa. Fentin da ya koɗe saboda shekaru, tayil ɗin da ya dushe a hanyar da ake yawan takawa, marfin ƙofar da ya saki saboda buɗewa da rufewa, duk wannan tsufa ne, nauyin mai gida ne. Gilashin da yaro ya fasa da ƙwallo, ko ramin da ka huda a bango don rataya talabijin, wannan naka ne, kuma gyara shi da kanka kafin tashi ya fi araha a kan a cire maka. Idan aka ce za a zaftare wani abu daga kuɗinka, nemi a lissafa maka ɗaya bayan ɗaya tare da rasit ɗin gyara.

Dokoki da yawa sun yanka ranar mayar da kuɗin. A Faransa wata ɗaya ne idan ba a sami ɓarna ba, wata 2 idan an samu. A Kalifoniya ta Amurka kwana 21 ne, tare da bayanin abin da aka cire. A Afirka ta Kudu kwana 7 ne idan ba bashi ba ɓarna, kuma har da ribar da kuɗin ya tara a banki. A Ingila dole mai gida ya ajiye kuɗin a ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30 da karɓa, kuma su ne ke raba gardama kyauta. Idan lokacin ya wuce shiru, rubuta wasiƙa mai kwanan wata, ka faɗi adadin da kake bi da ranar da kake jira, kafin ka wuce ƙaramar kotu ko hukumar sasanta rikicin haya.

Makulli kuwa, kada ka bar shi a hannun maƙwabci ko mai gadi. Miƙa shi ga mai gida ko wakilinsa hannu da hannu, a rubuta adadin makullan da ranar, a sa hannu. Muddin makulli yana wurinka, ana iya cewa ba ka tashi ba, a ci gaba da lissafa maka haya. Ka kuma bar adireshin da za a same ka da lambar asusun da za a tura kuɗinka, a cikin takardar nan ɗaya.