Rage kolestarol tun daga tukunya

Jama'a, duk wanda likita ya ce kolestarol ɗinsa, wato wani maiƙo da ke yawo cikin jini, ya hau, ya fara duba maiƙon da ke shiga tukunya kafin ya haramta wa kansa ƙwai. Yawancin kolestarol hanta ce ke haɗa shi, kuma abin da ya fi ɗaga mara kyan, wato LDL, shi ne kitse mai daskarewa: man shanu, kitsen tsire, fatar kaza, da manja, wanda kusan rabinsa irin wannan kitsen ne. Ku dubi farfesun da ya kwana. Farin abin nan da ya daskare a sama, a kwashe shi da cokali kafin ɗumame.

A koma man gyaɗa ko na waken suya, a riƙa aunawa da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba.

Sai kuma yauƙi. Kuɓewa, wake da hatsin oat suna da sinadarin da ke kama ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi bayan gida, sai hanta ta janyo kolestarol daga jini ta haɗa sabon ruwan matsarmama da shi. Don haka kofi ɗaya na dafaffen wake a rana, ko alala a madadin ƙosai. A jiƙa waken ya kwana, a fara da kaɗan, in ba haka ba kumburin ciki zai sa a daina.

Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ta isa, kamar gram 30, ba gishiri.

Bayan wata 3 a sake gwajin jini. Wanda ke kan magani, don Allah kada ya daina sai likita ya ce.