Kurakuran mai tsara wa kansa matakan koyon motsa jiki

Wanda ya ga mutum tsaye a kan hannayensa, ƙafafu sama, ba ya ganin watannin da suka haifi wannan tsayuwa. Sai ya kalli bidiyo da dare, gari na wayewa ya wurga ƙafafu sama a tsakiyar ɗaki, ya zube ta baya, ya ce abin ba nasa ba ne. Alhali matakala ya tsallake. Gyaran shi ne ka fara tsarin daga ƙarshe ka gangaro: tsayuwar tana buƙatar wuyan hannu mai ɗaukar nauyi, da kafaɗa mai buɗewa sosai, da iya jingina ƙafafu a bango, cikinka na fuskantarsa, na daƙiƙa 30 ba tare da bayanka ya lanƙwashe ba. Kafin ka rabu da bango kuma, koyi sauka ta gefe idan ka rinjaya. Wannan matakin na fi jin takaicin a bar shi, don mai tsoron faɗuwa jikinsa a sandare yake, sandararren jiki kuwa ba ya koyon komai.

Kuskure na biyu shi ne haɗa gudu da susar ɗuwawu: a rana ɗaya ka ƙara lokaci, ka rage tallafi, ka sauya inda kake sa hannu. In abin ya lalace ba ka san mai laifi ba. Sauya abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke.

Sai maimaici irin na inji. A shekarun 1920, masanin Rasha Nikolai Bernstein ya ɗauki hotunan motsin ma'aikata suna bugu da guduma a Mosko. Ya ga ƙwararre yana samun wuri ɗaya a kowane bugu, amma gaɓoɓin hannunsa ba sa bin hanya ɗaya sau biyu. Ƙwarewa ke nan: warware matsala ɗaya ta hanyoyi masu yawa. A 1979 kuma wasu masu bincike biyu, Shea da Morgan, suka nuna cewa masu cakuɗa motsi daban-daban a atisaye sun fi yin tuntuɓe a lokacin, amma da aka sake gwada su daga baya sun fi masu nanata abu ɗaya riƙe abin da suka koya. Saboda haka, a kwanakin farko nanata abu ɗaya har ka gane fasalinsa. Da zarar ya fara zama, sai ka cakuɗa: yau hannaye a ɗan ware, gobe ka shiga tsayuwar da ɗaya ƙafar, jibi a kan tabarma mai laushi. Ranar za ta yi maka kamar ka koma baya, kada hakan ya karya maka gwiwa.

Akwai kuma masu zuba wa gaɓoɓinsu ido: matse nan, miƙe can. Binciken Gabriele Wulf, masaniyar koyon motsin jiki, ya nuna an fi samun nasara idan hankali yana kan abin da motsin zai haifar. Maimakon ka ce wa kanka “ɗaga kafaɗa”, ce “tura ƙasa ta yi nesa da kai”.

Jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi sun fi tsoka jinkirin ƙarfafa, shi ya sa wuyan hannu ke fara kuka alhali kana jin ƙarfi. Minti goma sau huɗu a mako, da isasshen barci a tsakani, ya fi awa biyu a rana guda. Ciwo mai suka a gaɓa alama ce ta ka sauko mataki ɗaya.

Yaushe za ka hau na gaba? Ba ranar da abin ya yiwu sau ɗaya ba. Ni dai ma'aunina shi ne in yi shi da kyau sau takwas cikin goma, a ranaku uku daban-daban, numfashina yana tafiya daidai, in kuma rubuta hakan a littafi kafin in taɓa mataki na gaba.