Darasi na 9: Idan Bashi Ya Fi Ƙarfin Dukiya

Ba duk wanda ake bi bashi ne ya karye ba. Ɗan kasuwar da ya ɗauki shinkafa bashi a kasuwar Muda Lawal, kuɗinsa suka maƙale a hannun 'yan sari, jinkiri ne kawai ya same shi. Karayar arziki a wurin doka ita ce kotu ta tabbatar mutum ya kasa biya, ta cire hannunsa daga dukiyarsa, a sayar a raba wa masu binsa. Malaman fiƙihu suna ce wa irin wannan mutum muflisi.

Yadda shari'ar take tafiya

Dokar karayar arziki ta Nijeriya ta 1979 ce, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Akwai reshenta a nan Bauchi. Dokar ta shafi mutum ne shi kansa. Kamfani yana da tasa dokar daban, ta 2020.

Yawanci mai bin bashi yakan fara cin nasara a ƙarar bashi ta yau da kullum. Idan aka yanke hukunci ba a biya ba, sai ya sa a kai wa mai bashin, wato wanda ake bi, takardar gargaɗi, wadda ke ba shi kwana 14 ya biya ko ya daidaita da shi. Idan wa'adin ya wuce shiru, mai bin bashin yana da wata uku ya shigar da ƙarar karayar arziki, muddin kuɗin ya kai naira 2,000. An rubuta wannan adadi tun naira tana da daraja. Yau kuɗin lauya kaɗai ya ninka shi sau da yawa, shi ya sa ba kasafai ake kai ƙaramin bashi can ba. Shi ma mai bashin yana iya kai kansa, ya shaida wa kotu ya gaza.

Daga nan kotu za ta ɗora jami'inta a kan dukiyar. Masu bin bashin da ba su riƙe jingina ba, dole su dakata da ƙararrakinsu sai da izinin kotu. Mai bashin zai rubuta duk abin da ya mallaka, da duk wanda ke binsa, da wanda shi yake bi, ya rantse a kai, sannan a yi masa tambayoyi a bainar jama'a. Masu binsa za su zauna taro. A nan ne damarsa ta ƙarshe take: ya roƙi a karɓi wani kaso a yafe saura, ko a ba shi biya kaɗan-kaɗan. Idan suka yarda, kotu ta amince, ya tsira daga sunan karyayye. Idan ba su yarda ba, sai a ayyana shi, a naɗa wakilin da zai sayar da kayan.

Ba a kwashe masa komai. Ana bar masa kayan sana'arsa da tufafi da shimfiɗar iyalinsa, gwargwadon iyakar da doka ta sa. Kayan da aka ba shi amana ba nasa ba ne, ba sa shiga rabo.

Rabon

Wanda ya riƙe jingina, kamar bankin da ke da takardar gida, daga jinginarsa zai fara ɗauka. Haraji da albashin ma'aikata suna gaban sauran basussuka. Abin da ya rage ake rabawa bisa girman bashin kowa.

Misali, ana bin mutum naira miliyan uku, abin da ya rage na rabo miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kowace naira za ta samu kwabo 40. Mai bin miliyan ɗaya zai tashi da dubu 400, mai bin dubu 200 ya samu dubu 80. Wanda ya fi ɗaga murya ba ya ƙara ko kwabo.

Haka ma fiƙihun Malikiyya ya tsara: alƙali ya hana muflisi taɓa dukiyarsa, a raba gwargwadon bashi. Wanda ya tarar da ainihin kayansa a hannun muflisi, shi ya fi cancanta da su. Wanda kuwa aka tabbatar ba shi da komai, aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi.

Inda ake ɓata lamari

Kuskure mafi yawa shi ne ɓoye dukiya. Mutum ya ga ƙara na tafe, sai ya mayar da shago ko fili sunan matarsa, ko ya biya surukinsa shi kaɗai ya bar saura. Kotu tana iya warware wannan, kuma ɓoye kaya laifi ne mai zaman kansa. Sai rubuta cekin da babu kuɗi a asusunsa don a kwantar da hankalin mai bin bashi: dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu a kai. Bashi zalla kuwa ba laifi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai.

Wanda ya tsaya wa wani ya ci bashi ya sani cewa karayar mai bashin ba ta sauke masa nauyi. Kansa za a dawo.

Kafin kotu ta sallami karyayye, tsarin mulkin 1999 ya hana shi takarar majalisa, gwamna ko shugaban ƙasa, kuma ba ya shiga cikin masu kafa kamfani. Sallama tana sauke masa yawancin bashin da ya rage, ban da wanda ya ci ta hanyar zamba.

Aikin aji

Ana bin wani tela naira dubu 500, abin rabo dubu 150 ne. Kwabo nawa kowace naira za ta samu? Nawa mai bin dubu 100 zai karɓa? Ku lissafa a littafinku kafin zama na gaba.