Darasi na 6: Zaɓen Takardar Fentin Ruwa

Duk wanda ya taɓa shafa fentin ruwa a takardar littafin rubutu ya san abin da ke biyo baya. Takardar ta jiƙe, ta kumbura, ta yi tudu da kwari, fentin ya gangara ya taru wuri guda. Sai mutum ya ɗauka hannunsa ne bai faɗa ba, alhali takardar ce ba ta wannan aikin ba.

Ku fara duba nauyi. A bangon takardar za ku ga lamba, bayanta haruffa uku: gsm. Lambar tana nuna giram nawa takardar za ta yi a sikeli in tsawonta mita ɗaya ne, faɗinta ma mita ɗaya. Takardar da ake buga wasiƙa da ita a ofis yawanci 80 ce. Ta fentin ruwa kuwa an fi samun 190, da 300, da 640.

Ta 190 ba ta jure ruwa da yawa. Kafin a yi aiki da ita sai an jiƙa ta, an shimfiɗa a kan katako, an liƙe gefunanta huɗu da tef mai danƙo, an jira ta bushe ta ɗame kamar fatar ganga. Ta 640 kamar kwali take, ko an kwarara mata ruwa da wuya ta lanƙwashe. Mai koyo dai ya tsaya a 300, ta ishe shi.

Sai abin da aka yi takardar da shi. Wata da auduga zalla ake yi, wata da niƙaƙƙen itace. Zaren auduga dogo ne, mai ƙarfi. Yana shan ruwa sannu a hankali, daidai wa daida, don haka takardar kan daɗe da laima, har mai zane ya sami sararin gauraya launi da launi kafin ta bushe. In kun yi kuskure, kuna iya goge wurin da jiƙaƙƙen buroshi ba tare da fuskar takardar ta saluɓe ba. Ta itace takan bushe da sauri, takan kuma bar shaci a gefen launi, in aka matsa mata da guga sai ta fara burtsatsi. A ganina, ku yi atisayen yau da kullum a ta itace, amma ku gwada ta auduga tun da wuri, don ku san yadda fentin ke tafiya in ya sami wurin zama.

Af, akwai wani danƙo da ake sa wa takardar tun a masana'anta, wanda ke hana ta zuƙe fenti kamar soso. Shi ya sa launi ke zama a sama yana haske. Sana'ar yin takarda tsohuwa ce: kamfanin Arches na Faransa, mai yin takardar zane, ya faro tun 1492.

Fuskar takarda iri uku ce. Mai haruffan HP an matse ta da zafi, sumul take, ta dace da zane mai ƙananan layuka. Mai CP an matse ta da sanyi, tana da ɗan kaushi, ita ce ta mai koyo. Ta ukun kaushinta ya fi yawa, buroshi kan tsallake ramukanta ya bar ɗigon fari.

Aikin aji

Babban falle santimita 56 ne a faɗi, 76 a tsawo. Ku ninka shi biyu, ku sake ninkawa, ku yanka gida huɗu. Kowane yanki nawa ne faɗinsa, nawa ne tsawonsa? Ku rubuta amsar. Daga nan ku ɗauki yanki ɗaya da takardar littafin rubutu, ku shafa wa kowace launi guda da ruwa sosai, ku jira su bushe. Ku rubuta jimla biyu kan abin da kuka gani, ku karanta wa na kusa da ku.