Yadda za ka koya wa ɗalibi fahimtar karatun Turanci ta hanyar tambaya da hasashe

Akwai ɗalibai da yawa a makarantunmu da za su karanta maka shafi guda na Turanci ba gargada, kowace kalma su furta ta daidai, amma da ka rufe littafin ka ce "to, me aka faɗa a ciki?" sai su sunkuyar da kai. An saba musu tun firamare malam ya karanta su maimaita, har suka ɗauka karatu shi ne fitar da sauti. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, inda ake ajiye dogon rubutu da tambayoyi a ƙarƙashinsa, a nan asiri ke tonuwa.

Abin takaicin shi ne yaron nan ya iya fahimta tun kafin ya shiga makaranta. Ka tuna yadda yara ke sauraron tatsuniya: da an ce Gizo ya yi wa Kura alkawarin nama, sun riga sun fara dariya, don sun san akwai wayo a gaba. Suna hango abin da zai faru, suna jiran su ga ko zatonsu zai tabbata. Wannan ɗabi'a ce ɗalibi ke ajiyewa a ƙofar aji idan an zo darasin Turanci, kuma ita ce za mu dawo masa da ita.

Masana sun daɗe da gwada hanyar. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Annemarie Palincsar da Ann Brown, sun yi aiki da 'yan aji bakwai, wato daidai da aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wurinmu, waɗanda ke furta kalmomi lafiya amma ba sa gane abin da suka karanta. Abubuwa huɗu suka horar da su a kai: hasashen abin da zai biyo baya, ƙirƙiro tambaya, warware abin da ya shige duhu, da taƙaitawa. Fahimtar yaran ta ƙaru sosai. Ga yadda za ka yi, ko kai malami ne ko yaya mai taya ƙani bita a gida.

Mataki na farko: zaɓi rubutun da ya dace da shi

Ba wanda zai iya hasashe a kan rubutun da rabin kalmominsa baƙi ne gare shi. Masana koyon harshe irin su Batia Laufer da Paul Nation sun nuna cewa mai karatu na buƙatar sanin kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi yadda ya kamata. Ka ƙirga kalma 100 ka ba shi ya ja layi a ƙarƙashin waɗanda bai sani ba. In sun wuce biyar, nemo mai sauƙi. Kuma ka fara da batun da ya saba ji. Dabara ɗaya da nake so ita ce a ba ɗalibi labari a Aminiya ya karanta da Hausa, sannan a nemo labarin wannan batu a Daily Trust.

Mataki na biyu: rufe rubutun, nuna take kawai

A ce taken rubutun shi ne "Why Lake Chad is shrinking". Sa takarda ka rufe sauran, ka bar take da hoto in akwai. Ka tabbatar ya gane kalmar "shrinking", sannan ka tambaye shi: me ka sani game da Tafkin Chadi? Me kake zaton marubucin zai ce ya jawo ƙafewarsa? Me ya sa kake zaton haka?

Tambayar ƙarshen nan kada ka tsallake ta, domin ita ke raba hasashe da cankar banza. In ya ce "ƙarancin ruwan sama", ka ce daga ina ka samo? Ko da amsarsa ita ce ya ji kakansa na ba da labarin fari, ta isa hujja.

Ka bar shi ya yi wannan magana da Hausa. Na san akwai malaman da ba za su yarda ba, suna ganin duk Hausar da aka yi a ajin Turanci asara ce. Ni ban ga haka ba. A wannan mataki tunani ake so ya motsa, kuma yaro daga Gashuwa ko Diffa da ya san kogin Yobe da masunta da manoman rani yana da abin faɗi mai yawa, wanda zai haɗiye in aka ce sai da Turanci. Ya faɗa da Hausa, kai kuma ka rubuta a allo da Turanci mai sauƙi. Ta haka kalmomi irin su "drought" da "irrigation" za su shiga kunnensa kafin ya gamu da su a shafi.

Mataki na uku: ya kafa nasa tambayoyin

Raba allo ko takarda gida uku, kamar yadda wata masaniyar koyar da karatu, Donna Ogle, ta tsara a 1986: abin da na sani, abin da nake son sani, abin da na koya. Gidan farko ya cika a matakin baya. Yanzu ya cika na biyu da tambayoyi uku ko huɗu. Ɗalibai kan tsaya a "who", "where" da "when" saboda amsarsu gajera ce. Ka matsa musu su kawo aƙalla ɗaya mai farawa da "why" ko "how".

Mataki na huɗu: karatu gaɓa-gaɓa

Nan ne ainihin aikin. Kafin darasi ka karanta rubutun kai kaɗai, ka sa alama da fensir a wurare uku ko huɗu da za a tsaya. Wurin tsayawa mafi kyau shi ne gab da juyawar magana, inda sakin layi na gaba zai fara da "however" ko "although" ko "as a result". Ja takardar da ka rufe rubutun da ita ƙasa kaɗan, ɗalibi ya karanta gaɓar farko a zuci, ya tsaya. Sai ka yi masa tambaya uku: zatonka ya tabbata? Nuna mini layin da ya tabbatar da shi ko ya rushe shi. Yanzu me kake zaton zai biyo baya?

Sai ya ɗora yatsa a kan layin. In ka karɓi "e, haka ne" ba tare da ya nuna ba, zai koyi amsawa daga kansa, rubutun kuma yana gefe.

A misalinmu, wataƙila gaɓar farko ta yi maganar farin shekarun 1970 da 1980, ɗalibi ya ji daɗi zatonsa ya yi daidai. Sai ka buɗe masa kalma ɗaya tak daga gaba, "However". Ka tambaye shi me wannan kalma ke sanar da shi. In ya gane cewa marubucin zai kawo wani dalili dabam ko ya rage ƙarfin na farko, to ya fara karatu irin na masu fahimta. Ya ci gaba, ya tarar ana maganar ruwan da ake ja don noman rani daga kogunan da ke ciyar da tafkin, musamman Chari da Logone masu kawo mafi yawan ruwansa. Bai hango wannan ba, kuma don haka ne zai daɗe bai manta da shi ba.

Saboda haka kada ka taɓa kunyata wanda hasashensa bai yi daidai ba, kada kuma ka bari 'yan aji su yi masa dariya. Ka ce "dalilinka mai kyau ne, amma marubucin ya bi wata hanya, ina ya bi?" Ɗalibin da aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai ƙara ɗaga hannu ba.

Ƙamus kuwa a ajiye shi gefe har a gama gaɓa. In ya ci karo da baƙuwar kalma, ya yi mata zato daga jimlar da take ciki da ta gabanta, ya rubuta zaton a gefe, daga baya a duba.

Mataki na biyar: ya san inda amsa ke zama

Bayan an gama, a koma ga tambayoyin da ya kafa, a cika gida na uku. Ka nuna masa cewa amsoshi ba waje ɗaya suke ba. Wata tana kwance a layi ɗaya. Wata sai an tsinto ta daga sakin layi biyu ko uku an haɗa. Wata kuma marubucin bai faɗe ta fili ba, sai ka haɗa abin da ya rubuta da abin da ka sani. Tambayoyin jarrabawa masu cewa "what can be inferred" ko masu tambayar ra'ayin marubuci daga kashi na uku suke, kuma su ne ke kayar da ɗalibai, domin suna ta lalube a layuka suna neman jimlar da za su kwafa. Tambayar da rubutun bai amsa ba kwata-kwata a bar ta a allo, a ba shi aikin nemo amsarta.

Mataki na shida: miƙa masa ragama

A darussan farko kai ne za ka riƙa yin tunaninka a bayyane: "Na ga 'because', to dalili na zuwa." Bayan 'yan makonni ka ja baya. In ajinka cike yake maƙil, kamar yawancin ajujuwan makarantun gwamnati, raba su huɗu-huɗu: mai hasashe, mai tambaya, mai warware kalmomi masu wuya, da mai taƙaitawa da jimla biyu. A kowace gaɓa su yi musanyar aiki, kai kana zagayawa kana sauraro.

Wanda ke shirin jarrabawa shi kaɗai a ɗaki zai iya yin duk wannan da fensir. Ya karanta take da jimlar farko ta kowane sakin layi, ya leƙa tambayoyin da ke ƙasa, ya rubuta zatonsa da kalma biyu ko uku a gefen shafi, sannan ya fara karatun daga sama. Duk inda zato ya tabbata ya sa alamar daidai, inda ya rushe ya soke shi ya rubuta abin da marubucin ya faɗa.